"Ɗan Gidan Wa Ne?": Baƙo Da Ɗan Gari Daga Hollywood Zuwa Jamus Da Japan

Mai karatu, bari in fara maka da labarin wani mutum da ya zaɓa wa kansa ranar haihuwa. Sunansa Louis B. Mayer. Ko ba ka taɓa jin sunan ba, na tabbata ka san zakin nan da ke gurnani a farkon wasu finafinan Amurka. Tambarin kamfanin MGM ne, wanda Mayer ya riƙe ragamarsa tun daga 1924 har zuwa 1951. An haife shi a daular Rasha cikin wani gidan Yahudawa matalauta, aka raɗa masa suna Lazar Meir. Iyayensa suka yi ƙaura da shi yana yaro, ya tashi a Kanada yana taya mahaifinsa sana'ar gwangwan. Da ya tsallaka Amurka ya zama ɗan ƙasa, sai ya riƙa gaya wa mutane cewa ranar 4 ga Yuli aka haife shi, wato ranar bikin 'yancin Amurka. Kowace shekara idan ƙasa na shagalinta, shi ma yana nasa.

A wata ƙasar, da baƙo zai yi haka, dariya za a yi masa, a ce da shi ai mun san asalinka. A Amurka kuwa, wannan baƙon na cikin waɗanda suka koya wa Amurkawa yadda za su kalli kansu a majigi. Me ya kawo wannan bambancin? Shi nake so mu bi diddiginsa a wannan watan, domin maganar ta shafe mu fiye da yadda kake zato.

Ƙasashe iri biyu

Masana tarihi kan kasa ƙasashe gida biyu idan ana batun asali da al'ada. Akwai waɗanda baƙi suka cika su cikin shekaru ɗari huɗu zuwa biyar da suka wuce, kamar Amurka, Kanada, Ostireliya, Birazil da Ajantina. Akwai kuma tsofaffin ƙasashe irin su Jamus, Japan da Faransa, inda akasarin jama'a ke ganin kakanninsu nan suka tashi suka ga nasu kakannin. A rukunin farko, abin da aka fi tambayar baƙo shi ne ko ya yarda ya zama ɗaya daga cikinsu. A na biyu kuwa, tambayar ita ce wadda muka saba ji idan an zo neman aure: ɗan gidan wa ne?

To, bari mu duba kowanne, mu ga ko abin ya tsaya a haka.

Tukunyar da ke narkar da baƙi

A bakin tekun New York akwai wani ɗan tsibiri mai suna Ellis, inda ake tantance baƙi. Daga 1892 zuwa 1954, kimanin mutum miliyan 12 ne suka bi ta wannan ƙofar. A 1907 kaɗai, fiye da miliyan ɗaya suka wuce ta nan: Italiyawa, Yahudawan Rasha da Poland, Girkawa, mutanen Hangare da sauransu. Zuwa 1910, kusan mutum ɗaya cikin kowane bakwai a Amurka a wata ƙasa aka haife shi. A 1908 wani marubuci, Israel Zangwill, ya fito da wasan kwaikwayo mai suna The Melting Pot, wato tukunyar narka ƙarfe, sunan kuma ya bi ƙasar. Ma'anarsa a fili take: kowa ya shigo da nasa, wuta ta narkar, a zuba a fito da sabon mutum.

Ka tuna a lokacin finafinai ba su da magana. Lebura da ya sauka daga jirgin ruwa jiya, ba ya jin ko kalma ɗaya ta Ingilishi, zai iya biyan kwabo biyar ya shiga ɗan ƙaramin gidan sinima ya fahimci komai. A nan ya ga yadda Ba'amurke ke sa kaya, yadda yake gaisuwa, yadda yake neman budurwa. Masu kuɗin asali na ƙasar sun raina sana'ar, suna ganin ta talakawa ce, sai baƙi suka kama ta. Carl Laemmle, wanda ya zo daga Jamus a 1884 ya yi aiki a kantin tufafi, shi ya kafa Universal a 1912. Adolph Zukor na Paramount daga Hangare ya zo, da sana'ar fatu ya fara. William Fox shi ma a Hangare aka haife shi. Samuel Goldwyn ɗan birnin Warsaw ne, safar hannu yake sayarwa kafin ya shiga fim. 'Yan gidan Warner kuwa, iyayensu daga Poland suka taso.

Za ka yi tsammanin waɗannan mutanen finafinan garuruwansu za su yi. Ina! Amurkar da suke mafarkin a karɓe su a cikinta suka zana. Mayer ya fi alfahari da jerin finafinan Andy Hardy da aka fara a 1937: ƙaramin gari mai tsabta, uba alƙali mai adalci, uwa a kicin, yaro mai jin magana, rayuwar da shi kansa bai taɓa yi ba. 'Yan wasa ma sai da aka narkar da su. Issur Danielovitch ya koma Kirk Douglas. Margarita Cansino, wadda mahaifinta ɗan Sifen ne, aka rina mata gashi, ta koma Rita Hayworth.

Idan kana son ganin kuɗin da baƙo ke biya, nemi The Jazz Singer na 1927, fim ɗin kamfanin Warner da ya buɗe zamanin finafinai masu magana. Labarin wani yaro ne Bayahude, mahaifinsa ke jagorantar rera addu'o'i a wurin ibadarsu, yana so ɗan ya gaje shi. Yaron ya gudu, ya canza suna daga Jakie Rabinowitz zuwa Jack Robin, ya zama mawaƙin dandali. Mai karatu, ai ka san irin wannan labarin, an sha yin sa a Kano da Bombay. Sai dai akwai wani abu a fim ɗin: jarumin, Al Jolson, wanda shi ma baƙo ne haifaffen Lituweniya, yana shafa baƙin shuni a fuska ya kwaikwayi baƙar fata don ya burge 'yan kallo. Wato baƙon ya sami shiga cikin farare ta hanyar yi wa wani dariya, wanda kakanninsa suka riga shi zuwa ƙasar da shekaru ɗaruruwa.

Waɗanda tukunyar ta ƙi

Nan ne labarin ƙasar baƙi ke da rami. Da farko dai ƙasar ba kango aka tarar ba. Akwai masu ita, waɗanda finafinan kaboyi suka koya mana kiransu Jajayen Indiyawa, har muna tafi a sinima idan an harbe su. Sai a 1924 aka yi dokar da ta ba su duka matsayin 'yan ƙasa a ƙasar kakanninsu. Na biyu, akwai waɗanda ba da son ransu suka zo ba. Fiye da 'yan Afirka miliyan 12 aka ɗora a jiragen bayi zuwa nahiyar Amurka, Birazil kaɗai ta karɓi fiye da miliyan 4. Har da Hausawa a ciki: a jihar Bahia ta Birazil, bayi Hausawa ne suka kitsa yunƙurin tawaye na 1807.

Dokar farko ta zama ɗan ƙasa a Amurka, ta 1790, farar fata ɗan 'yanci kaɗai ta amince wa. Sai bayan yaƙin basasa, a 1868, aka yi wa tsarin mulki gyara na 14, wanda ya ce wanda aka haifa a ƙasar, yana ƙarƙashin dokokinta, ɗan ƙasa ne. Duk da haka a 1882 aka rufe wa leburorin Sin ƙofa, bayan sun gama fasa duwatsu sun shimfiɗa layin dogo. Wani mai suna Wong Kim Ark, haifaffen San Francisco, ya je ziyara Sin, da ya dawo aka hana shi shiga, sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 1898 cewa ɗan ƙasa ne. A 1924 aka kafa dokar kaso, wadda ta rage shigowar Italiyawa da mutanen gabashin Turai ƙwarai, wato dangin su Mayer ke nan. Ostireliya ma ta yi dokar fifita farar fata a 1901, ba ta gama kawar da ita ba sai 1973.

A 1965 Amurka ta soke tsarin kaso, ƙofa ta buɗe wa mutanen Asiya da Afirka. Daga nan salon labarin ya sauya: jikokin baƙi suka fara neman abin da kakanninsu suka jefar. Francis Ford Coppola ya yi The Godfather a 1972 cike da biki da abinci da harshen Sisili. A kashi na biyu, na 1974, an nuna yaro Vito a tsibirin Ellis, ma'aikaci ya rubuta masa sunan ƙauyensu, Corleone, a matsayin sunan gidansu. Masana tarihi sun nuna cewa ma'aikatan Ellis da takardun jirgi suke aiki, yawanci baƙi da kansu suka canza sunayensu daga baya, amma ka ga fim ya fi littafin tarihi shiga rai. A 1977 aka nuna Roots a talabijin, baƙaƙen fata su ma suka shiga neman tushe. Kanada kuwa tun 1971, a zamanin Pierre Trudeau, ta mai da zaman al'adu barkatai manufar gwamnati: riƙe harshenka da abincinka, ka bi doka. Kada dai ka ɗauka an gama magana. A Janairun 2025 Shugaba Donald Trump ya sa hannu kan umarnin taƙaita ba da 'yancin ɗan ƙasa ta hanyar haihuwa, aka garzaya kotu, aka sake tono shari'ar Wong Kim Ark.

Inda jini ke magana

Yanzu mu tsallaka Turai, mu ga ɗaya tsarin. Dokar Jamus ta 1913 ta ɗora zama ɗan ƙasa a kan jini: Bajamushe shi ne wanda Bajamushe ya haifa. A 1961 Jamus ta Yamma ta ƙulla yarjejeniya da Turkiyya don a kawo mata ma'aikata. An kira su baƙin ma'aikata, bisa tunanin za su yi 'yan shekaru su koma. Ba su koma ba. Suka kawo iyalansu, suka haifi 'ya'ya da jikoki waɗanda Jamusanci ne harshensu, amma a takarda baƙi ne. A ɗaya ɓangaren, akwai Jamusawan da kakanninsu suka ƙaura Rasha tun gayyatar da Sarauniya Catherine ta yi musu a 1763. Da Tarayyar Sobiyet ta wargaje, suka kwararo Jamus aka ba su fasfo, alhali da yawansu Rashanci suka fi ji.

Sai ranar 1 ga Janairun 2000 sabuwar doka ta fara aiki, ta ba ɗan baƙo da aka haifa a Jamus damar zama ɗan ƙasa idan ɗaya daga iyayensa ya shekara 8 a ƙasar bisa ƙa'ida. A 2024 aka rage zuwa 5. A 2004 wani fim na Jamus ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Berlin, karo na farko cikin shekara 18. Sunan fim ɗin Gegen die Wand, daraktansa kuma Fatih Akin, ɗan Turkawa haifaffen Hamburg. Amma gyaran doka ya fi gyaran zuciya sauƙi. Mesut Özil, haifaffen Jamus, ya ci mata kofin duniya a 2014. A 2018 ya ajiye rigar ƙasa, yana kukan cewa idan an yi nasara Bajamushe ne shi, idan an faɗi kuma baƙo.

Labarin da ya fi ba ni mamaki shi ne na Japan da Birazil, domin mutane ɗaya ne suka ɗanɗana tsarin biyu. Bayan Birazil ta haramta bauta a 1888, gonakin kofi suka rasa ma'aikata. A watan Yunin 1908 jirgin ruwa mai suna Kasato Maru ya isa tashar Santos da mutanen Japan 781. Wasu suka biyo baya, har Birazil ta zama ƙasar da ta fi kowace yawan masu asalin Japan a wajen Japan. Wata jikarsu, Tizuka Yamasaki, ta ba da labarinsu a fim ɗinta na 1980 mai suna Gaijin, kalmar da ke nufin baƙo a harshen Japan.

A 1990 masana'antun Japan suka shiga ƙarancin ma'aikata. Gwamnati ba ta son buɗe ƙofa ga kowa da kowa, sai ta ce 'ya'ya da jikokin waɗanda suka tafi su dawo, ai jini ɗaya ne. Zuwa 2007 sun haura dubu 300. Da suka iso sai ga mutane masu fuskar Japan, amma Fotugisanci suke yi, samba suke ji, ƙwallon Birazil suke goyon baya. A Birazil ana ce musu Japanawa, a Japan ana ce musu 'yan Birazil. Da tattalin arziki ya karye, a 2009 gwamnatin Japan ta yi tayin ba kowane ma'aikaci yen dubu 300 ya koma inda ya fito. Mai karatu, idan da al'ada a jini take, da waɗannan mutanen sun saje tun daga filin jirgi.

Tsohuwar ƙasa ma gina ta aka yi

Wani zai ce, to ai duk da haka tsofaffin ƙasashe al'adarsu gado ce, ba haɗe-haɗe ba. Bari mu leƙa Faransa. A 1794 wani limamin Kirista ɗan majalisa, Henri Grégoire, ya gabatar da rahoto inda ya ƙiyasta cewa aƙalla mutum miliyan 6 a ƙasar ba sa jin Faransanci, waɗanda suka iya shi sosai kuma ba su wuce miliyan 3 ba. Sauran kowa da harshen yankinsa. Dokokin Jules Ferry na 1881 da 1882 suka mai da firamare kyauta kuma tilas, da Faransanci ake koyarwa. Yaron da aka kama yana harshen gidansu a makaranta, a rataya masa wata alama ta kunyatarwa. 'Yan'uwanmu na Nijar da suka yi lakwal a da sun san wannan alamar, domin har can aka kai ta. Jamus ɗin ma da muke magana, sai a 1871 ta dunƙule ta zama ƙasa ɗaya, Italiya a 1861. Ka ga a matsayin gwamnati ɗaya, Amurka ta girme su.

Faransa ba jini ta sa a gaba ba, harshe da tsarin jamhuriya ta sa. Mawaƙin nan kuma ɗan fim Yves Montand a Italiya aka haife shi, sunansa Ivo Livi. Iyayen Charles Aznavour kuwa Armeniyawa ne. Duk an karɓe su, don sun bar nasu a gida sun rungumi nata. Da baƙin suka zama Musulmi daga Aljeriya, Maroko da Mali, masu abin da ba a barinsa a gida, sai aka fara karo, har aka yi dokar 2004 da ta hana sa hijabi da sauran manyan alamun addini a makarantun gwamnati. Kuma Faransa ta san ƙarfin majigi: tun 1948 ake cire wani kaso daga kuɗin kowane tikitin sinima, har da na finafinan Amurka, a tallafa wa finafinan gida. A tattaunawar cinikayyar duniya ta 1993 ta kafe cewa ba za a ɗauki fim kamar sauran hajoji ba.

Abin da na fahimta daga duk wannan shi ne, ko'ina mutane ne suka zauna suka tsara wane ne ɗan gida, ta hanyar doka da makaranta da littafi da fim. Ƙasar baƙi tana tuna lokacin da aka yi wannan aikin, shi ya sa jayayyarta ke fitowa fili. Tsohuwar ƙasa ta daɗe har ta manta, sai ta ɗauka haka Allah ya halicce ta, kuma wannan mantuwar ce ke sa ta wahalar buɗe ƙofa.

Mu fa?

Kano tsohon gari ne, babu musu. Amma shiga cikin Birni ka karanta sunayen unguwanni: Tudun Nufawa, Zangon Barebari, Agadasawa, Ayagi ta Yarbawa, Dandalin Turawa, lokacin da Larabawa ake kira Turawa. Tarihin Kano ya kawo zuwan Wangarawa daga Mali a zamanin Sarki Yaji, a ƙarni na 14. Jikokin waɗannan duka yau Kanawa ne, wasu ma su ake tambaya idan ana neman sanin al'adar gari. Birni ya yi aikin tukunya tun kafin a san da tsibirin Ellis: harshe, addini, kasuwa da auratayya suka narkar da baƙi.

Mun kuma san ɗacin zama baƙo. A 1969 gwamnatin Busia ta Ghana ta ba da umarnin korar baƙin da ba su da takardu, ya rutsa da mutanen zango da dama, har da waɗanda can aka haife su. A 1983 Nijeriya ta yi irin nata. Yau kuma yaron da aka haifa a gari, nan ya yi makaranta, ba shi da wani gida sai nan, idan ya zo neman gurbin karatu ko aiki, sai a ce ya kawo takardar shaidar asali daga ƙauyen kakansa da bai taɓa gani ba. Wannan ai dokar Jamus ce ta 1913 muke yi wa junanmu a cikin ƙasa ɗaya, alhali su masu dokar sun gyara tasu.

Saboda haka, mai karatu, duk lokacin da aka tayar da muhawarar nan tamu da ba ta ƙarewa, ta cewa marubuta da 'yan fim suna ɓata al'adar Bahaushe, yana da kyau a yi ta, domin akwai abin da ya cancanci a kare. Sai dai mu riƙa haɗawa da wata tambayar: a littattafanmu da finafinanmu, wa muke nunawa a matsayin ɗan gida, wa kuma muke fitowa da shi don a yi masa dariya saboda karyewar harshensa? Su Mayer sun zana Amurkar da babu baƙar fata a cikinta sai a matsayin bara ko kuku, ƙasar ta shafe shekaru tana biyan wannan bashin. Alƙalami da kyamara yanzu suna hannun namu. Allah ya sa su yi adalci, mu kuma masu karatu da kallo Allah ya ba mu idon ganewa, amin.